Yadda za ku shigar da gyaran kasuwar zango cikin kasafin kuɗin asambuli a Kumasi

Duk wanda ya taɓa zama a rumfa a kasuwar zango ya san yadda abin yake. Ruwan watan Yuni ya sauko, leda ta toshe gwata, ruwa ya biyo layi ya shige ƙarƙashin tebura, mata na ta ɗaga buhunan shinkafa da gero, masu aboboya, wato babur mai ƙafa uku na dako, sun ƙi shigowa. Washegari dattawa su haɗu bayan la'asar, a rubuta wasiƙa, a sa manyan riguna a nufi ofishin asambuli, wato ƙaramar hukuma a tsarin mulkin Gana. A karɓe su hannu bibbiyu, a ba su ruwan sanyi, a ce za a duba. Shekara ta zagayo, gwata tana nan yadda take.

Na shiga irin wannan tawaga ba sau ɗaya ba, kuma na daɗe ina ɗauka raini ne kawai. Daga baya na gane rabin laifin namu ne, don kullum sai an rufe littafi muke isa. Kuɗin asambuli takarda suke bi, takardar kuma tana da lokacinta. Aikin da bai shiga tsarin shekara huɗu ba, bai shiga jadawalin ayyukan shekara ba, bai samu layi a kasafi ba, ko shugaban asambuli ɗan'uwanku ne uwa ɗaya uba ɗaya, da wuya ya fitar masa da sidi ɗaya ba tare da mai binciken kuɗi ya tsare shi da tambaya ba. Ga hanyar da ake bi.

Da farko, ku tabbatar wace asambuli ce taku

Wannan kamar wasa ne, amma wasiƙu da yawa a nan suke ɓacewa. Kumasi ta yau asambuli da yawa ce. Tun 2012 aka yanke Asokore Mampong daga KMA, wato asambulin babban birnin Kumasi, kuma Aboabo, Asawase, Sawaba da Adukrom can suka koma. A 2018 aka sake fitar da Oforikrom, Asokwa, Suame, Kwadaso da Old Tafo, kowacce da shugabanta da kasafinta. Adum da Kejetia suna hannun KMA. Ku duba rasit ɗin harajin rumfa ko na lasisin shago: sunan da ke kai, nan ne ƙofarku.

Haka nan ku tambayi injiniyan asambuli ko titin da kuke kuka da shi nasu ne. Manyan titunan cikin gari galibi suna ƙarƙashin sashen titunan birane na gwamnatin tsakiya, asambuli sai dai ta rubuta ta roƙa kamar ku.

Na biyu, ku san tukwanen da ake ɗiba

Nan zan ɗan daɗe, don wanda bai san inda kuɗi ke fitowa ba, duk abin da aka gaya masa sai ya yarda.

Tukunya ta farko ita ce kuɗin da asambuli ke tarawa da kanta: harajin gidaje, tikitin kasuwa da na tasha, lasisin kasuwanci, kuɗin izinin gini, tara. Waɗannan kuɗinku ne kai tsaye. Ƙa'idar kasafi tana so a sa aƙalla kashi 20 cikin 100 na wannan tukunya a ayyukan da jama'a za su gani da ido, kada duk ta ƙare a man mota da alawus. Ƙaramin aiki irin murfin gwata, fitilun layi ko gyaran bayi, nan ya fi dacewa da shi, don asambuli ba ta jiran Akara kafin ta kashe.

Ta biyu ita ce Asusun Bai-ɗaya na Majalisun Gundumomi, wanda kowa ke kira Koman Fan. Sashe na 252 na tsarin mulkin 1992 ya ce a ware abin da bai gaza kashi 5 cikin 100 na kuɗin shigar ƙasa ba, a raba wa asambuli, a biya duk wata uku. Majalisar dokoki ce ke amincewa da ma'aunin rabon kowace shekara, kuma asambuli 261 ne ke jiran wannan tuwo. Matsalarsa biyu: yakan makara, kuma yakan zo da igiya a wuya, wato umarnin abin da za a kashe a kai. A 2025 gwamnati ta ce kashi 80 na asusun zai tafi hannun asambuli kai tsaye, kuma kashi 25 na abin da kowacce ta samu na gina kasuwannin zamani ne masu ci dare da rana. Ga mai neman gyaran kasuwa wannan ƙofa ce babba, amma umarnin yana iya canzawa daga shekara zuwa shekara, don haka ku nemi na bana a wurin jami'in kasafi. A cikin asusun nan akwai kason ɗan majalisar dokoki na mazaɓa, akwai kuma na masu buƙata ta musamman. Kason ɗan majalisa ba ya gina kasuwa sukutum, amma yana iya haƙa rijiyar burtsatse ko sayen kwanon rufi.

Ta uku kyauta ce ta ƙwazo. Duk shekara ana auna asambuli a kan yadda take taro, da tsare-tsare, da riƙon kuɗi, wadda ta ci maki ta samu ƙarin kuɗin ayyuka. Ku riƙe wannan da kyau: cikin abin da ake aunawa har da shaidar cewa ta zauna da jama'a. Ke nan takardar sa hannunku a wurin taro tana da daraja a wurinsu, kuma ba alfarma suke muku ba in sun gayyace ku.

Ta huɗu kuɗin filayen sarauta ne. Sashe na 267 ya tsara rabon: ofishin da ke karɓa ya ɗauki kashi 10, abin da ya rage a ba kujerar sarauta kashi 25, majalisar gargajiya kashi 20, asambuli kashi 55. A ƙasar Asante wannan ba abin rainawa ba ne.

Sai Asusun Raya Zango, wanda doka mai lamba 964 ta 2017 ta kafa. Wannan ba a cikin kasafin asambuli yake ba, nasa ofishin daban, amma wasiƙarku za ta fi nauyi in tana ɗauke da shaidar cewa asambuli ta san aikin kuma ta ba da fili. Daga nan sai rancen Bankin Duniya da haɗin gwiwa da 'yan kasuwa, waɗanda sun fi ƙarfin ƙaramar ƙungiya ta nemo su da kanta.

Na uku, ku zaɓi abu ɗaya ku auna shi

Kuskurenmu na farko shi ne wasiƙa mai buƙatu goma sha biyu: asibiti, makaranta, titi, fitila, maƙabarta, filin ƙwallo. Jami'i ya karanta ya ajiye, don babu abin da zai iya ɗauka ya sa wa farashi. Ku zauna da magajiyar kasuwa, da shugabannin mahauta, masu hatsi, teloli, direbobin tasha da masu dako, ku yarda a kan abu ɗaya ko biyu. Za a yi gardama. Gara a yi ta a zauren sarkin zango da a je a yi ta a gaban baƙi.

Ni dai in za a bi shawarata, a fara da ruwa. Rumfar da aka yi wa sabon fenti alhali gwatar bayanta a toshe, damina ɗaya ta ishe ta. Magudana tukuna, sai daɓen layi, sai bayi da wurin zuba shara, sai fitila, rumfuna su zo ƙarshe. Na san masu rumfa ba za su ji daɗin wannan jeri ba.

Sannan ku auna. Ku ɗauki tef ku gwada tsawon gwatar da faɗinta da zurfinta. Ku ƙirga rumfuna da tebura, har da masu shimfiɗa a ƙasa. Ranar da aka yi ruwa ku ɗauki hotuna da waya, a ga inda ruwan ya kai a jikin bango. Ku rubuta kwana nawa kasuwa ta tashi babu ciniki. In akwai ɗan unguwa birkila ko mai karatun injiniya, ya yi muku kiyasin kuɗi ko da na wucin gadi ne.

Abin da ya fi duka tasiri shi ne lissafin tikiti. A ce rumfuna 200 ne, kowacce tana biyan sidi 2 a rana, kwana 26 a wata. Sidi 10,400 ke nan a wata, 124,800 a shekara. Wannan misali ne kawai, ku sa naku adadin na gaskiya, ku tattara rasit a matsayin shaida. Ranar da kuka ajiye wannan lissafi a kan tebur, zancen ya tashi daga roƙo ya koma tambaya: mun biya kaza, me ya dawo mana? Daga nan ne ma za ku iya cewa in aka gyara layin baya, tebura nawa za su ƙaru, tikiti nawa zai shigo. Jami'in kasafi wannan yaren yake ji.

Takardar kada ta wuce shafi biyu, da Turanci, hotuna a baya, sa hannun shugabanni a ƙasa. Ku yi kwafi da yawa, kuma duk inda kuka miƙa a buga muku hatimin karɓa da kwanan wata a kan naku.

Na huɗu, kalanda

Ba a fafe gora ranar tafiya. Shekarar kuɗi a Gana daga Janairu take zuwa Disamba, amma kasafin baɗi a bana ake dafa shi.

Uwar takardu ita ce tsarin ci gaba na shekara huɗu, wanda kowace asambuli ke rubutawa bisa jagorancin Hukumar Tsara Ci Gaban Ƙasa. Zangon 2022 zuwa 2025 ya wuce, na 2026 zuwa 2029 ya biyo baya. Ku je wurin jami'in tsare-tsare ku nemi ganinsa, ku duba ko sunan kasuwarku na ciki. In yana ciki, rabin aiki ya ƙare, saura ku matsa a ɗauko shi zuwa jadawalin shekara mai zuwa. In ba ya ciki, ku nemi a saka shi lokacin bitar jadawalin shekara, ko a rataya shi a ƙarƙashin wani babban layi da ke akwai, kamar "gina magudanun ruwa" ko "gyaran kasuwanni".

Zuwa ƙarshen Yuni Ma'aikatar Kuɗi take fitar da ƙa'idojin kasafi. Daga Yuli zuwa Satumba kwamitin kasafin asambuli yana aiki, kuma a wannan tsakanin ake kiran 'yan kasuwa taron tsayar da haraji, inda ake yanke nawa kowace sana'a za ta biya baɗi. Mutanenmu sukan guje wa wannan taro, suna cewa ai ƙarin kuɗi kawai za a sanar. Nan ne kuwa kuke da ƙarfin ciniki fiye da ko'ina. In za a ƙara tikiti, ku ce kun ji, amma a rubuta a bayanan taro cewa gwatar layin kaza za ta shiga kasafi. Bayan haka daftarin zai je sauraro a matakin yanki, sannan babban zaman asambuli ya amince da shi, galibi kafin ƙarshen Oktoba. Ministan kuɗi kuma ya kai kasafin ƙasa majalisar dokoki zuwa 15 ga Nuwamba.

Ke nan takardarku ta isa tsakanin Afrilu da Yuni. In kun makara, akwai bitar tsakiyar shekara wajen Yuli ko Agusta, ƙaramar taga ce amma ƙananan ayyuka sukan shige ta nan.

Na biyar, mutanen da za ku bi

Ku fara da asambuliman ɗinku, wato wakilin da unguwarku ta zaɓa a asambuli, da 'yan kwamitin unguwa. Doka mai lamba 936 ta 2016 ta ɗora masa ya gana da masu zaɓensa kafin zaman asambuli, ya kai kukansu, ya dawo musu da bayani. Ku ba shi takardar, ku roƙe shi ya gabatar da ita a ƙaramin kwamitin ayyuka da na tsare-tsare, daga can ta wuce na kuɗi, sannan kwamitin zartarwa wanda MCE, wato shugaban asambuli, ke shugabanta. Ku tambaye shi ranar zaman kowanne. Asambuli takan yi babban zama aƙalla sau uku a shekara, ku je ku zauna a baya ku saurara. Mata ashirin da mayafansu a kujerun baya sun fi wasiƙa goma magana.

Wani abu da ba a cika faɗa ba: asambuliman ɗaya ƙuri'a ɗaya gare shi. Kusan kashi 70 na mambobi zaɓaɓɓu ne, sauran shugaban ƙasa ke naɗawa. Ku nemi na unguwannin da ruwanku ke gangarawa, ku nuna musu cewa gwata ɗaya ce. Ruwan da ya ci Sawaba ba ya tsayawa neman izini kafin ya shiga Aboabo.

MCE ku je masa a ƙarshe, bayan jami'in tsare-tsare da injiniya sun riga sun san zancen. Sarkin zango da liman su jagoranci gaisuwa, amma a bar mai lissafin ya yi bayani. Kuma don Allah a ajiye rigar jam'iyya a gida. Zaɓen asambuli a doka ba na jam'iyya ba ne, kuma aikin da aka yi wa tambarin jam'iyya ɗaya yakan tsaya cak ranar da mulki ya juya.

Na shida, fili da mutanen da za a tayar

Kafin a zana komai, a san mai filin. Yawancin filayen Kumasi na sarauta ne, kuma zangunanmu a kan amanar sarakunan Asante suke zaune. In babu takarda, a je a gaida sarkin yankin yadda al'ada ta tanada, a samu yardarsa a rubuce, a kai sashen tsara gari na asambuli su duba taswira.

Sai babbar magana, wato ina 'yan kasuwa za su zauna lokacin aiki, kuma wa zai koma ina bayan an gama. Ba sai mun je nesa neman darasi ba. Kashin farko na sabuwar kasuwar Kejetia, wanda kamfanin Contracta na Brazil ya gina da shaguna fiye da 8,000, ya tsaya da ƙafarsa. Kashi na biyu a babbar kasuwa an ƙaddamar da shi a 2019, aka tashi mutane daga rumfunansu, sai aikin ya tsaya lokacin da ƙasa ta shiga sake tsara basussukanta daga ƙarshen 2022. Kasuwar Krofrom kuma tun zamanin Shugaba Kufuor aka fara ta, ta shafe fiye da shekara goma ba a gama ba. Wanda aka ce ya matsa na wata shida, yana iya tsufa a bakin titi.

Saboda haka ku nemi abu uku a rubuce kafin a cire kwano ɗaya. Rajistar duk mai rumfa da mai tebur, da suna da hoto da lambar katin Gana, kwafi ɗaya a asambuli, ɗaya wurin magajiya, ɗaya wurin sarki. Yarjejeniya cewa waɗanda ke cikin rajista su ne farkon komawa, da kuɗin hayar da aka yarda da shi. Sannan a yi aikin layi-layi, a gama ɗaya a mayar da mutanensa kafin a taɓa na gaba. In ɗan kasuwa ne zai gina da kuɗinsa ya ci haya na wasu shekaru, ku ninka taka-tsantsan, don a irin wannan ne mai sayar da daddawa takan wayi gari ta tarar kuɗin sabon shago ya fi jarinta sau hamsin.

Gobarar Kejetia ta Maris 2023 da ta Adum ta Maris 2025 sun isa su sa ku dage a bar hanyar da motar kashe gobara za ta shiga, ko da za a rasa rumfa biyar.

Na bakwai, ku karanta kasafin da idonku

In an ce muku "an saka", ku ce alhamdu lillahi, sannan ku nemi shafin. Tun 2012 asambuli ke yin kasafi dunƙulalle wanda ya haɗa dukkan sassanta, kuma Ma'aikatar Kuɗi tana ɗora su a shafinta na intanet. Ku sa wani ɗalibi ya sauko da shi a waya. Ku duba sunan aikin, adadin kuɗin, da tukunyar da aka rubuta a gabansa. In an rubuta kuɗin cikin gida, kuna iya fara bibiya tun Fabrairu. In Koman Fan ne, ku riƙa tambaya duk wata uku ko kaso ya sauka. In kuka ga an rubuta "masu ba da tallafi" ba tare da sunan kowa ba, to har yanzu fata ne.

Ku duba kuma ko an ware kuɗin kula da aikin bayan an gama. Bayin da babu mai kwashewa, da fitilar da babu mai canza ƙwai, wata shida suke yi.

In aka hana ku takarda, Dokar 'Yancin Samun Bayani ta 2019, mai lamba 989, ta ba ku dama ku nema a rubuce, kuma jami'in bayanai yana da kwana 14 ya ba ku amsa. Akwai kuma kwamitin karɓar ƙorafi a kowace asambuli, wanda kakakin asambulin ke shugabanta. Ku fara da lalama, takardar doka ta zo daga baya.

Na takwas, ranar da ɗan kwangila ya iso

Dokar sayen kayan gwamnati ta 2003 ita ke tsara yadda ake ba da kwangila, kuma wannan ba hurumin ƙungiya ba ne. Kada shugabanninku su nemi a ba ɗan'uwansu, don daga ranar bakinsu ya mutu. Abin da ya dace ku nema shi ne a ɗauki samarin unguwa aikin lebura da na birkila, kuma a gayyace ku ranar miƙa fili.

A wurin aikin ya kamata a kafa allo mai sunan ɗan kwangila, da inda kuɗin ya fito, da tsawon lokacin aikin. Ku ɗauki hotonsa. Ku naɗa mutum uku masu lura, ɗaya mace, ɗaya wanda ya san siminti. Su riƙe littafi: ranar da aka zo, ranar da ba a zo ba, kaurin rodi, ko an zuba kankare a kan laka. Kada su yi faɗa da leburori. Abin da suka gani su kai wa injiniyan asambuli a rubuce, don shi ke sa hannu a takardar da ake biyan ɗan kwangila da ita, kuma gyara ya fi sauƙi kafin ya sa hannun.

Bayan an gama, asambuli takan riƙe wani kaso na kuɗin kwangilar na wasu watanni, don in wani abu ya lalace ɗan kwangila ya dawo ya gyara da kuɗinsa. Ku tambayi injiniya ranar da wannan wa'adi zai cika, ku rubuta ta a bangon ofishin ƙungiya. Ruwan farko da ya sauka kafin ranar, ku fita da lema da waya ku bi gwatar daga sama har inda take zubewa, duk inda ta tsage ko ruwa ya kwanta ku ɗauka, ku kai wasiƙa a buga muku hatimi kafin a saki ragowar kuɗin.